Tsohon Babur Mai Harbi Ta Salansa

A watan Disamba da ya wuce, ranar wata kasuwa, mun tashi mu biyu a kan tsohon babur na ofishinmu za mu duba rumbunan wata ƙungiyar manoma, gama sun aiko cewa ƙwari sun shiga masu wake. Babur ɗin ya girmi mu biyun da ke kansa, amma bai taɓa kwana da mu a daji ba. Garin da za mu yana gindin tudu, kasuwarsa kuwa tana bakin hanya, daidai inda gangaren ya ƙare. Da muka fara gangarowa muka saki totur kamar yadda kowa yake yi. Sai salansa ta yi tat-tat-tat. Da muka sāke murɗa totur a ƙasa, babur ya yi kamar zai mutu, sa'an nan ya saki ƙara guda, tau! kamar bindigar toka.

Kafin mu taka burki kasuwa ta watse. Mata sun zubar da tumatir da nono, wani dattijo ya faɗa kwata ya gurɗe ƙafa, 'yan banga uku kuma suka fito da nasu bindigogin na gaske suna neman inda harbin ya fito.

Ba mu ga laifin kowa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen yankin nan sun sha jin harbi na gaskiya, masu yin sa kuwa a kan babura suke zuwa. Muka je gaban mai gari muka durƙusa muka ba da haƙuri. Ya ce, "Malam, mun san ku, mun san aikinku. Amma ko dai ku gyara dokin nan naku, ko ku riƙa ɗaure shi a bakin rafi ku ƙaraso da ƙafa." Muka ce, "Ranka ya daɗe, za a gyara."

Gyaran ya ci mana mako uku. Bakanike na fari ya sake fulogi, bai daina ba. Na biyu ya ce kafireto ya mutu, sai sabo. Muka saya, bai daina ba. Na uku wani tsoho ne da ya koyi aiki tun lokacin da irin waɗannan babura suke fitowa a kwali. Bai ɗauki sifana ba tukuna. Ya ba mu benci, ya ce, "Malam, yaushe yake yi? Da kun saki totur ne, ko kuna cikin ba shi? Da safe, ko bayan ya yi zafi? Ta baya yake fita ko ta gaba?" Muka ba shi labarin ranar kasuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ƙara iri biyu kuka ji, ciwo biyu ke nan." Muka ce, "Baba, a koya mana." Abin da ya nuna mana, da abin da muka ƙara bincikawa daga baya, shi ne muke so mu ba ku a nan, domin mun san da yawa cikin masu karatunmu, malaman gona da na asibiti da shugabannin ƙungiyoyi, irin wannan doki suke hawa.

Ba abin mamaki ba ne da har yanzu suna da rai. A shekarar 1974 kamfanin Honda ya aika ma'aikatansa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonisiya su ga yadda talakawa suke riƙe babur. Suka tarar ana hawa mutum uku har huɗu, ba a juye baƙin mai, ba a zuwa wurin bakanike sai babur ya tsaya cik. Domin irin waɗannan mutane aka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da injin da ke jure wahala da soson tace iska wanda za a wanke a mayar. Da yawa daga cikin baburan ƙasar Sin da ke kan hanyoyinmu tsarinsa suka kwaikwaya. Saboda haka yawancin abin da za mu faɗa ya shafe su su ma, sai dai maganar kwantak, wadda ta tsofaffi ce kaɗai.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Inji irin na CG125 ko C70, wato wanda ba ya ƙona baƙin mai tare da fetur, aiki huɗu yake maimaitawa. Fiston ya sauka ya zuƙo iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi su kama, ƙarfin ya tura fiston ƙasa. Ya sāke hawa ya kore hayaƙi ta bawul zuwa salansa. In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, ana yin wannan zagaye sau 25 cikin daƙiƙa guda. Kafin fetur ya ƙone sarai yana bukatar iska wajen ninki 15 na nauyinsa. In iska ta yi yawa ainun, ko fetur ya yi yawa ainun, ko tartsatsi bai zo ba, ko ya makara, to, gaurayen ba zai ƙone a ɗakinsa ba. Fiston zai kore shi ɗanye zuwa salansa. Can kuwa ga zafi, ga harshen wutar da ke biyo baya. Sai ya kama a cikin bututu, inda babu fiston da zai tura. Ƙarar da kuka ji ke nan.

Watau duk harbi guda fetur ne da kuka saya ya ƙone bai kai ku ko'ina ba. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 ba sai mun yi dogon bayani a kan wannan ba. Amma asarar da ta fi wannan ita ce, wasu daga cikin abubuwan da ke kawo harbi su ne kuma suke ƙona bawul da huda fiston, in an ƙyale su.

In da sakin totur yake yi

Tat-tat-tat ɗin nan na kan gangare, ko sa'ad da kuke rage gudu za ku tsaya, kusan kullum maganar iska ce da ta shiga inda ba a gayyace ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku fara da wurin da ya fi araha, wato inda bututun salansa ya haɗu da kan inji. A nan akwai wani zobe na jan ƙarfe da ake matsewa da noti biyu. Hanyoyinmu masu gargada suna sassauta notin, zafi kuma yana cinye zoben. Mutum zai zaci rami a nan hayaƙi kaɗai zai fitar, amma hayaƙin inji bugu-bugu yake fita, tsakanin bugu da bugu kuwa bututun yakan zuƙo iska daga waje. Iskar nan ita ce take ba ragowar fetur abin da yake nema ya kama.

Ku duba ko akwai baƙin hayaƙi kewaye da wurin. Ko kuwa da safe, kafin inji ya yi zafi, ku tayar da shi a waje, wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma, ku kuwa ku kasa kunne. In akwai rami za ku ji yana huci. Ruwan sabulu ma zai yi kumfa a wurin. Haka tsohon nan ya yi wa namu, sai ga zoben ya fito rabinsa ya zama toka. Ciwo na fari ke nan. Kada ku matse noti ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayan. A bi su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, kuma a sa masu ɗan baƙin mai tun daren jiya in sun yi tsatsa, gama in kusar ta karye cikin kan inji an shiga wani aikin dabam. Ku bi bututun har ƙarshe, don tsatsa takan huda shi ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Samarin da suke fasa cikin salansa don babur ya yi kuka, su kam sun sayi harbi da kuɗinsu.

In salansa lafiya take, sai a koma gaba. Tsakanin kafireto da inji akwai wuya, da roba ko gaskit a kowane gefe. Roba mai shekara 40 takan bushe ta tsage kamar ƙasar fadama da rani. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kafireto ba, don haka ba ta ɗauko rabonta na fetur ba. Alamarsa ita ce, in kun saki totur inji yakan daɗe yana kuka kafin ya sauka sulo, ko sulo ya riƙa hawa da sauka da kansa. Ku shafa girisi a kan haɗin yana cikin sulo. In muryarsa ta canja, kun kama ɓarawo. Mun ga masu fesa fetur a wurin don su gwada. Kada ku yi, fulogi yana nan kusa.

Sa'an nan kafireto kansa. Sa'ad da totur yake rufe, fetur ta wata 'yar ƙaramar kafa kaɗai yake bi, wadda makanikai ke kira jet na sulo. Raminta bai kai kaurin allura ba. Ɗan tsatsar tanki, ko ƙurar hunturu, ko danƙon da tsohon fetur ke bari in babur ya yi watanni a ajiye, ya isa ya toshe rabinta. Ga gwaji mai sauƙi: bayan inji ya yi zafi, ku ja cok rabi ku gangara tudun da ya saba yi maku. In harbin ya ragu ko ya ɗauke, fetur ne ya yi kaɗan. A kwance jet ɗin, a jiƙa shi, a hura, a ɗaga shi sama a ga haske ta cikinsa. In lalle sai an zura wani abu, a sami sili ɗaya na jan waya mai taushi daga tsohuwar wayar lantarki. Allura ko wayar ƙarfe tana faɗaɗa ramin, ba ya kuwa komawa.

A gefen kafireto akwai ɗan sukuru na daidaita sulo, ban da babban da ke ɗaga kukan inji. A nan mutane da yawa suke ɓata aiki, domin iri biyu ne. In yana gefen da iska ke shigowa, na iska ne, kwance shi yana rage ƙarfin fetur. In yana gefen inji, na fetur ne, kwance shi yana ƙarawa. Kafin ku taɓa shi ku mayar da shi ciki a hankali har ya zauna, kuna ƙirga juyi, ku rubuta, don ku san hanyar komawa gida. A yawancin ƙananan babura wajen juyi ɗaya da rabi ake farawa. Amma muna gargaɗi, kada a yi amfani da sukurun nan a rufe bakin ramin da ba a toshe ba. Harbin zai yi shiru, ramin yana nan, fetur kuma yana tafiya.

Abu biyu na ƙasarmu suna shiga cikin wannan magana. Da hunturu soso yakan cika da ƙura, babur ya yi nauyi, sai mai shi ya cire soson ya yar. Babur ya yi sauƙi kwana biyu, amma iska ta fi ƙarfin fetur, ga ƙura tana shiga tana cin ringi. A wanke soso da kananzir, a matse, a sa masa ɗan baƙin mai, a sāke matsewa, a mayar. Na biyu shi ne tsawo. Jos tana wajen mita 1,200 bisa teku, iskarta ta fi ta ƙasa sauƙi da fiye da kashi ɗaya cikin goma. Babur da aka daidaita sulonsa a kan tudu, in ya sauka Shendam ko Lafiya, iska ta ƙaru masa, fetur bai ƙaru ba. Ɗan tat-tat a irin wannan tafiya ba lalle ne ciwo ba.

In kuna cikin gudu ya yanke, sa'an nan ya harba

Wannan shi ne tau ɗin da ya watsa kasuwa, kuma yawanci maganar wuta ce. Tartsatsi ya ɗauke na ɗan lokaci, inji ya ci gaba da juyawa yana tura ɗanyen fetur cikin salansa har ta cika, sai wuta ta dawo ta kunna shi duka gaba ɗaya. Yara masu wasa da babur sun san wannan, shi ya sa suke kashe makulli cikin gudu su sāke kunnawa. Wasan nan yana fasa salansa.

Ku fara da fulogi, ku karanta fuskarsa. Ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, lafiya ne. Fari fat, fetur ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. Baƙi busasshe, fetur ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana haurowa, ringi ko bawul sun gaji. Tazarar bakinsa a CG125 da C70 milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Sa'an nan ku duba hular fulogi da wayarsa. Da dare, a cikin duhu, za ku ga tartsatsi yana tsalle zuwa jikin inji in wayar ta tsage. Yana cikin sulo ku girgiza makulli, ku juya kan babur hagu da dama, ku taɓa wayoyi ɗaya-ɗaya. In ya yi tuntuɓe, kun sami wayar da ta karye a cikin rigarta. Wanda harbinsa a kan gargada kaɗai yake zuwa, a nan zai nema.

Tsofaffin babura, kafin a koma akwatin CDI, da kwantak suke aiki. Ƙarafa biyu ne ƙanana masu buɗewa da rufewa, daidai lokacin da suka rabu kuwa shi ne lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. A yawancin ƙananan babura suna ɓoye cikin fulawil, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a gefen hagu na inji, ana hangen su ta tagarsa. Kwantak yana da ɗan dunduniya da ke gogar ƙarfe dare da rana. Tana cinyewa, tazara tana raguwa, tartsatsi yana ƙara makara. In ya makara ainun, bawul ɗin hayaƙi yakan buɗe wuta ba ta gama ci ba. Babur ya rasa ƙarfi, wuyan salansa ya yi zafi har ya canja launi. In tazarar ta kusa rufewa, sai wuta ta riƙa ɗaukewa. Ciwon namu na biyu ke nan.

Tazarar da ake so milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, sa'ad da kwantak ya buɗe iyakarsa. A jikin fulawil akwai haruffa biyu, F da T, a jikin inji kuma akwai ɗan tsagi. Tsohon ya sa siririyar takarda ta cikin kwalin taba tsakanin ƙarafan (ba mu ce kowa ya sayi taba ba, ana tsintar kwalin a hanya), ya riƙe ta da hannu ɗaya, yana juya fulawil a hankali yadda inji ke juyawa. Daidai lokacin da F ya zo kan tsagin ya kamata takardar ta saki. Tamu sai da F ya wuce da nisa. Ƙara tazara yana kawo tartsatsi da wuri, rage ta yana jinkirta shi. In ba za a iya samun F da tazarar daidai gaba ɗaya ba, kwantak ya ƙare, a sake shi. In fuskarsa ta ƙone ta yi ramuka, ko kuna ganin babban tartsatsi shuɗi a tsakani, kwandansa ce ta gaji, sabon kwantak ma ba zai daɗe ba sai an sake ta. Babur da yake lafiya da safe, sai ya yi mil goma ya fara yankewa, ya huta ya warke, a tuhumi kwandansa ko kwayil.

Harafin T na bawul ne. Bawul ɗin hayaƙi yana zaune cikin wuta, yawancin zafinsa kuma ta wurin zama a mazauninsa yake saukewa. In aka matse shi har babu tazara, da ƙarfe ya yi zafi ya miƙe ba zai rufe sarai ba. Wuta za ta riƙa bi ta gefensa zuwa salansa har ta ci bakinsa. Alamarsa, kik ya yi laushi a ƙafa, babur ya ƙi tashi in ya yi zafi, sulo ya ƙi zama. Mu masu babura mu ne muke jawo wannan, gama mukan ce wa bakanike ya matse har ƙas-ƙas ɗin nan ya ɗauke. Ɗan ƙas-ƙas ba ya kashe inji. Ana aunawa inji yana da sanyi, T yana kan tsagi, a juyin da bawul biyu suke a rufe: milimita 0.08 a CG125, 0.05 a C70. Rezar da wasu ke aunawa da ita wajen 0.1 ce, ta yi wa C70 kauri ninki biyu. Ma'aunin tazara na gaskiya ba shi da tsada, ƙungiya ɗaya za ta iya sayen guda ta ajiye.

In kuwa ƙarar ta gaba take fita, kamar atishawa ta kafireto, sau ɗaya ko biyu da sanyin safiya ba kome ba ne. In ta ci gaba bayan ya yi zafi, a duba ƙarancin fetur da bawul ɗin shiga. Wannan ita ce mai kawo gobara, musamman in babu soso, ga kuma jarkar fetur ɗaure a baya.

Kada mu manta da man kansa. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya wani lokaci da ruwa ko kananzir a ciki, tankin da ke kwana a waje da damina kuma yakan sha ruwa ta murfi. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin kofin kafireto. Akwai sukuru a ƙasan kofin. Ku kwance shi ku tara a farar kwalba, za ku ga ruwan ya dunƙule a ƙasa. In harbi ya fara ranar da kuka sha mai a sabon wuri, ku yi wannan kafin ku taɓa kome. Masu Yamaha YB100 da Suzuki A100 da 'yan'uwansu masu ƙona baƙin mai ba su da bawul irin wannan, amma sauran maganar ta shafe su, su ƙara da robobin da ke rufe gefen karanshaf da baƙin da ke taruwa cikin salansa.

Aikin tsohon duka bai kai awa ɗaya ba. Zobe sabo, ya goge fuskar kwantak, ya buɗe tazara, ya ɗiga mai a ɗan ƙyallen da ke shafa wa dunduniyar. Ya kuma cire sabon kafireton da muka saya ya mayar da namu na asali, ya ce nasa ƙarfen ya fi. Sabon yana nan cikin akwatin ofis, in akwai mai bukata.

Ranar kasuwa ta gaba muka koma, da kuɗin tumatir da na nono, da man zafi na dattijon nan. Duk da haka a bakin rafi muka kashe inji muka turo shi, don kada wani ya hango mu ya fara tattara kaya. Mai gari ya ce a hau tudu a gangaro yana kallo. Muka hau muka gangaro. Ya ce wa 'yan banga su koma wurin zamansu, mu kuwa aka kai mu rumbunan wake.